Farashin da Kawu Sarel Ya Faɗa wa Matarsa

Jama'ar wannan shafi, ina da tambaya. In mai kaya ya yi wa kayansa kuɗi da bakinsa, ba ka taya ba, ba ka roƙi ragi ba, amma kai ka san abin ya ninka haka sau biyar, sai ka biya ka ɗauka, sa'a ka yi ko cuta? Kada ku yi saurin amsawa. Ku karanta wannan tukuna.

Akwai wani mutumin garinmu Rehoboth mai suna Floris Klazen. Shekararsa tara yana aiki a wani kamfanin kifi a Walvis Bay, can bakin teku, matarsa Rentia da 'yarsu Marlien suna nan gida. Sau biyu yake zuwa a shekara, da Kirsimeti da lokacin hutunsa.

Floris ba mutumin teku ba ne. A gona ya tashi, a bayan mahaifinsa, yana bin sawun barewa da mariri tun kafin ya iya rubuta sunansa. A Walvis kuwa kullum yana tsaye cikin sanyi da wuƙa a hannu, hazon teku ya rufe gari, ƙarnin kifi ya kama har bargonsa. Wani lokaci yana cikin fiɗar kifi sai ƙamshin jar ƙasarmu bayan ruwan farko ya faɗo masa a rai, ya tsaya da wuƙa a sama, sai na kusa da shi ya zungure shi.

Marlien shekararta bakwai. Tunda aka haife ta, ba ta taɓa ganin ubanta ya cika wata biyu a gida ba.

Ana nan sai ƙofa ta buɗe. Wani mai gonar namun daji, tafiyar rabin awa daga gari, yana neman jagoran mafarauta, wato wanda zai riƙa shiga jeji da baƙi. Ya san mahaifin Floris, ya kuma san ɗan ya gaji ido. Sharaɗi ɗaya ne, sai da takardar shaida.

Bara Floris ya zauna jarrabawar. Ya ci bin sawu, ya ci fiɗa, ya ci ta rubutu. Harbi ne ya kayar da shi. Harsashi goma ake ba mutum daga nisan mita ɗari, ana son takwas su shiga wani da'ira mai faɗin faranti. Biyar ya samu.

Mai gonar ya ce masa, “Zan riƙe maka gurbin har jarrabawar watan Mayu. In ka sake faɗuwa, kada ka ga laifina, akwai masu jira.”

Floris ya yi nasa lissafin. Hannun da ya shekara tara a kan kifi ya manta bindiga, maganin abin kawai a yi ta harbi. Ya ƙiyasta yana bukatar harsashi ɗari bakwai ko takwas. Ya tara dala dubu shida, kuɗin ƙasarmu, ya ɗauki hutunsa na mako huɗu, ya zo gida. Da ya leƙa shagon bindigogi a Windhoek, babban birni, aka ce masa na gwaji ma, mafi araha, dala talatin ne ɗaya. Kuɗinsa ɗari biyu kawai za su saya.

Ranar Asabar ya je filin ƙungiyar maharba, ba don ya yi harbi ba, don dai ya ji ƙarar. Nan ya haɗu da Gawie, abokinsa tun firamare, mai tumbi da babbar murya.

“A'a, ga mai kifi! Ku tsaya ta bayan iska, jama'a!” in ji Gawie. “Me ya sa fuskarka kamar an ƙwace maka tunkiya?”

Floris ya gaya masa. Gawie ya ja shi gefe, ya sassauta murya, abin da ba ya cika yi.

“Kai, tsuntsu daga sama gasasshe. Ka san Kawu Sarel Mouton ya rasu a Fabrairu ko? Matarsa Goggo Hendrina tana sayar da kayansa. Akwati guda na harsasai, irin na bindigarka. Ka san nawa take cewa? Shida-shida.”

“Shida? Sun lalace ne?”

“Wane lalacewa! Kuɗin da ya ce mata ya saya ke nan.”

Sai Floris ya gane. A ƙungiyar nan akwai wata tsohuwar al'ada da kowa ya sani, ba a dai faɗa a gaban mata. Babu maharbin da ke gaya wa matarsa gaskiyar abin da ya kashe a kan bindiga da harsashi. In an tambaye ka a gida, sai ka raba biyar. Kafin ka shiga, ka ɓanɓare 'yar takardar farashi daga jikin kwali. Kawu Sarel ne ma ke koya wa sababbin angwaye, yana cewa zaman lafiyar gida ya fi gaskiyar shago.

“Ka je ka kwashe,” in ji Gawie. “Ni bindigar nake so. Ta dubu talatin ce, ya ce mata dubu shida. Ƙarshen wata nake jira. Ba mu muka yi ƙaryar ba, malam, mai ƙaryar yana kabari.”

Ran Litinin da safe Floris ya ɗauki bindigarsa, ya ari a-kori-kurar surukinsa ya nufi gonar Kawu Sarel.

Goggo Hendrina 'yar ƙaramar tsohuwa ce, tana sanye da rigar sanyin mijinta, ta naɗe hannayen sau uku. Ta ba shi kofi da busasshen naman barewa. Kujera biyu ce a baranda. Da ya nufi ɗaya, sai ta ce, “Ba wannan ba, ɗana,” ta jawo masa benci.

Ta duba lasisin bindigarsa da kyau, har da sa tabarau, sannan ta kai shi ɗaki. A tsakar ɗakin akwai baho, a gefen gado akwai bokiti, duk don yoyon rufi. Amma a lungu ɗaya busasshe, ga akwatin ƙarfe a kan bulo. Ta buɗe. Kwali arba'in, kowanne da harsashi ashirin, a jere kamar an auna da magwaji. Ɗari takwas cif. A jikin kowane kwali akwai ɗan farin tabo, inda aka ɓanɓare wani abu.

“Sarel ya ce shida-shida ya saye su,” in ji ta. “Ni ba zan ci riba a kan mamaci ba. Dubu huɗu da ɗari takwas ke nan. Ya yi maka yawa?”

Floris ya kalli kwalayen. “Bai yi yawa ba, Goggo.”

“Madalla. Ko kwanon rufi biyar na samu, na rage. Shekara shida ina yi masa maganar rufin nan, kullum sai ya ce babu kuɗi, tumaki ba su yi daraja ba. Allah sarki, bawan Allah, ya tafi bai ga an gyara ba.”

Floris ya ƙirga kuɗi ya miƙa mata, bai kalli fuskarta ba. Ya loda kwalaye ya tayar da mota.

Zuciyarsa tana ta kawo masa hujja. Ita ta faɗa da bakinta. In bai ɗauka ba, wani zai ɗauka. Ga harsashi ɗari takwas, ga canjin dubu da ɗari biyu na mai. Ya hango kansa yana dawowa daga jeji da yamma, Rentia tana kwashe shanya, Marlien ta rugo ta karɓi hularsa. Ba ranar Kirsimeti ba, ranar Talata kawai, irin Talatar da kowa ke da ita.

Ya iso ƙofar shingen gonar, ya sauka ya buɗe, ya fitar da mota, ya dawo zai rufe. Sarƙar ta kuɓuce masa ta faɗi. Da ya durƙusa zai ɗauka, sai idonsa ya kai ƙarƙashin ƙarfen ƙofar.

'Yan takardun farashi ne a manne, ɗaya kan ɗaya, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Wasu sun koɗe sun zama fari fat, wasu rubutunsu yana nan. Ashe a nan Kawu Sarel ke tsayawa ya ɓanɓare su, shekara da shekaru. Ta baya-bayan nan tana cewa ɗari shida. Kwali ɗaya ke nan.

Ba sabon labari ba ne a wurin Floris, ya riga ya sani. Amma sani daban, gani daban. Ya zauna a ƙasa ya jingina da tayar mota, ya kira Rentia ya zayyana mata komai.

Ta saurara har ƙarshe. Can ta ce, “Ita ta faɗi kuɗin, Floris.”

“Ita ta faɗa.”

“Shekara tara. Jiya Marlien ta tambaye ni ko ana iya ajiye uba a gida kamar na su ƙawarta Elna. Me zan ce mata?”

Floris ya sake kallon takardun. Sai ta ci gaba.

“Ka ce ɗakinta yana yoyo?”

“Baho da bokiti.”

Ya ji ta ja dogon numfashi. “To me ya sa ka kira ni? Ka riga ka san abin da za ka yi. So kake a ce ni na sa ka, in ka faɗi mu raba baƙin cikin.” Sannan ta ƙara, “Mu raba ɗin. Amma tsaya, kai ma raba biyar kake yi mini?”

“Ni me na taɓa saya, Rentia?”

“Haka ne fa,” ta ce, tsakanin dariya da kuka. “Juya motar.”

Goggo Hendrina tana baranda da ya dawo. “Ka yi mantuwa ne?”

“Goggo, harsasan nan ba shida-shida ba ne. Talatin-talatin ne.”

“Kai, tafi can. Sarel ya ce...”

“Ki shigo mota, akwai abin da zan nuna miki.”

Ya kai ta ƙofar shinge. Da ƙyar ta durƙusa, ta sa tabarau, ta bi takardun ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa, leɓenta yana motsi. Floris ya juya baya yana kallon tumaki. Ya yi zaton zai ji kuka. Sai ya ji tsaki.

“Tsohon ɓarawo,” in ji ta a hankali. “Tsohon ɓarawo mai gemun bunsuru! Shekara arba'in da ɗaya nake buɗe maka ƙofar nan, kana zaune a mota kana kallona, ashe rufin ɗakina ne a manne a ƙarƙashin hannuna!”

Ta miƙe tana kaɗe gwiwa. “Tumaki ba su yi daraja ba! Ni da nake tausayinsa, ina rage sukari a kofina!”

Daga nan muryar ta karye. Ta dafa ƙarfen da hannu biyu. “Da ma yana nan. Yini ɗaya kawai, Floris. In ja kunnen nan nasa har ya yi ja, in hana shi abinci, ya zauna a kujerarsa yana sosa ƙeya yana cewa, Hendrina, ki saurare ni. Wa zan yi wa faɗan yanzu?”

Floris ya ce, “Ki yafe ni, Goggo. Na ɓata miki shi.”

Ta share ido da hannun rigar. “Ba ka ɓata komai ba. Wata biyu ina kuka a kan wani waliyyi da ban taɓa aura ba. Yanzu ne ka dawo mini da mijina. Mu koma gida, akwai ciniki.”

A baranda ta ajiye kuɗinsa a kan tebur ta ɗora kofi a kai. Tsohuwar da ta ce ba za ta ci riba a kan mamaci ba ta ɓace.

“Talatin ka ce? To kawo talatin.”

“A'a, Goggo. Don na ƙi cutar ki, ba shi ne ke ki cuce ni ba. Talatin kuɗin shago ne, da haya da fitila da yaran kanti. Ko a can, mai sayen akwati guda ana yi masa ragi.”

“Ashirin da biyar.”

“Shekararsu biyu a ajiye. In na kai gida na tarar sun sha sanyi, wa zan mayar wa?”

“Sanyi? Ka ga inda ya ajiye su? Ni nake kwana a ƙarƙashin yoyo, su suna kan bulo kamar amare!”

Floris ya yi dariya duk da halin da yake ciki. “Na hannu, in lafiyayye ne, kashi biyu cikin uku na kuɗin shago ake biya. Haka ake yi a ƙungiya tsakanin maza. Ashirin ke nan.”

“Tsakanin maza,” ta maimaita, tana gyaɗa kai. “To in ba lafiyayye ba fa?”

“Sha biyar.”

“Sai a gwada. Ba a sayen tunkiya a cikin buhu.”

A bayan gidan akwai filin harbin Kawu Sarel, da tudun yashi da allo. Goggo Hendrina da kanta ta zaro harsashi goma daga kwali goma daban-daban. Suka yi yarjejeniya, in duk suka tashi, ashirin, in ko ɗaya ya ƙi, sha biyar. Ta ɗauko wani tsohon madubin hangen nesa ta zauna a kan dutse a bayansa, kamar wadda ta saba.

Goma ya harba, goma suka tashi. A allo kuwa sun watse, yawancinsu ƙasa ta dama.

“Ashirin,” in ji Floris. Ya ciro sauran dubu da ɗari biyun ya haɗa. “Dubu shida. Ɗari uku zan ɗauka. Goman nan fa, wa zai biya?”

“Sarel. Tararsa ke nan.”

Ya sauke kwali ashirin da biyar ya mayar cikin akwati. Kowane kwali da ya ajiye, sai ya ji kamar Walvis ce ke matsowa. Ɗari uku ba za su gyara hannun shekara tara ba. Ya yi mata sallama, ya kama ƙofar mota.

“Floris,” ta kira shi. “Ko dubu ka harba, ba za ka ci jarrabawar nan ba.”

Ya juyo.

“Ba hannunka ne ya manta ba. Tsoron bindigar kake ji. Kafin ta tashi kana runtse ido, kafaɗarka tana zuwa tarar ta.”

Ransa ya ɗan ɓaci. “Haba Goggo. Ni da na tashi da bindiga?”

“Kawo ta. Juya mini baya.”

Ya juya. Ya ji ta ɗura, ta miƙo masa. Ya yi saiti, ya ja kunama. Sai ƙas! Babu ƙara, babu hayaƙi. Kwanson da ya riga ya harba ta sa masa. Amma da idonsa ya ga bakin bindigar ya dulmiya ƙasa kamar an fizge shi, kafaɗarsa ta yi gaba ita kaɗai, idonsa na dama a runtse.

Kunya ta rufe shi.

“Ka gani?” in ji ta. “In harsashi ya tashi, ƙara da bugu suna ɓoye laifin. Da ka tafi da ɗari takwas ɗin nan, sau ɗari takwas za ka koya wa jikinka kuskure. Shekara nawa ka fara harbi?”

“Sha ɗaya. Da ta Baba. Ta fasa mini gira.”

“To tun ranar kake gudunta. A jeji kana matsawa kusa da dabba, shi ya sa ba a gane ba.”

“A ina kika san wannan duka, Goggo?”

Ta ɗaga madubin. “Shekara arba'in da ɗaya ina zaune a bayan Sarel ina gaya masa inda ya samu. Duk kofunan gasar da ke kan kabad ɗin can, ka ɗauka shi kaɗai ya ci? A ƙungiyarku kuwa ba wanda ya taɓa tambayata komai sai ko akwai sauran kofi. Gobe ƙarfe bakwai. Ka zo da burodi.”

Haka aka fara. Kullum da safe sai ta ɗora masa kwabo a kan bakin bindiga, ya ja kunama ba harsashi. In kwabon ya faɗi, a sake daga farko. Sai ya yi hamsin a jere bai faɗi ba, sannan ta yarda ya taɓa harsashi, shi ma goma kacal. Kuma ita ke ɗurawa yana juya baya, wani lokaci mai rai, wani lokaci kwanso, ba ya taɓa sani.

“Goggo, harbi na zo yi, ba wasan kwabo ba.”

“Yi mini shiru, mai kifi. Dala ashirin ce kowane ɗaya, ka manta? Kai ka sa kuɗin.”

A mako na biyu kwabon ya daina faɗuwa. A na uku harbinsa ya fara taruwa wuri ɗaya. Bayan sun gama sukan zauna a baranda, shi a benci, ta yi ta ba shi labarin Sarel, rabi zagi rabi yabo. Wata rana tana kallon filin, ta ce, “Ƙarar nan na rasa. Gidan ya yi shiru da yawa.”

Ƙarshen wata Gawie ya zo da dubu shidansa, da hula a hannu, yana ta'aziyya har da sunkuyar da kai.

“Allah ya ji ƙan Kawu. Na ce bari in rage miki nauyin bindigar nan, Goggo.”

“Ka kyauta, ɗana. Dubu ashirin da biyar.”

Gawie ya yi tari. “Na ji kamar an ce shida...”

“Shida sau biyar nawa ne, Gawie? Ai na ma yi maka ragi. Gaishe mini da matarka Sanna. Ka ce mata ina son ganinta ran Lahadi.”

Ran Lahadi bayan an tashi daga coci, Goggo Hendrina ta tara mata a gindin bishiya ta koya musu lissafi. Kafin magariba babu gidan maharbin da ba a ɗaga murya ba. Sanna ta tarar da takardun Gawie a manne a ƙarƙashin kujerar mota.

Gawie ya tare Floris a gidan mai. “Ka kashe mu! Al'adar kaka da kakanni, ka rushe ta a kan tsohuwa ɗaya! Yanzu labule sabo ake nema a gidana, da firij!”

Wasu 'yan ƙungiyar sun daina amsa gaisuwarsa. Amma sauran harsasai ɗari huɗu da casa'in sun tafi a kan ashirin-ashirin, bindigar kuma wani daga garin Mariental ya saye ta da daraja. Kafin Floris ya tafi jarrabawa, masu rufi sun fara aiki.

Ranar jarrabawa su goma sha huɗu ne. Da aka kira shi, ya ɗauki bindiga ya yi saiti. Na farko ya fita waje. Na biyu zuwa na biyar suka shiga. Na shida ya ji kafaɗarsa ta motsa, ya san ya ɓata tun kafin a faɗa.

Saura huɗu, kuma ba shi da damar ɓata ko ɗaya.

Ya sauke bindiga ya yi numfashi. Ya ce wa kansa, wannan kwanso ne, babu abin da zai tashi, tsohuwar nan ce ke son ta kama ni. Ya ja kunama a hankali, ido a buɗe, har ƙarar ta zo masa ba zato. Ya sake. Ya sake. Ya sake.

Mai jarrabawar ya duba allo, ya dawo yana rubutu. “Takwas. Da ƙyar, amma takwas takwas ce.”

Floris ya kira Rentia ya gaya mata ya ci. Ya kira Goggo Hendrina, ta ce, “Biyun fa, ƙasa ta dama ko? Na sani. Ka zo Asabar, ba mu gama ba.”

Ran Lahadi hutunsa ya ƙare. Ya rubuta wa kamfanin takardar barin aiki, ya roƙi abokin ɗakinsa ya aiko masa da katifa da tukunya.

Litinin da safe Marlien ta fito da kayan makaranta, sai ta gan shi a kicin yana buɗe kabad ɗaya bayan ɗaya. Ta tsaya a bakin ƙofa.

“Baba, motar ta tafi ta bar ka?”

“Ta bar ni.”

“Gobe za ka bi wata?”

“Babu wata, 'yata. Na dawo ke nan.”

Ta daɗe tana kallonsa, kamar mai duba ko akwai wayo a maganar. Sannan ta ajiye jakarta, ta kama hannunsa ta ja shi zuwa kabad na ƙarshe.

“To zo in nuna maka inda muke ajiye kofuna.”

Darasi: Farashin gaskiya ba shi ne wanda mai kaya ya faɗa cikin rashin sani ba, shi ne wanda ku biyun za ku amince da shi bayan kowa ya san abin da ɗayan ya sani. Arahar da aka samu a kan jahilcin wani cuta ce, ko da shi ya miƙo da hannunsa. Floris ya bar harsashi ɗari biyar, ya samu abin da ba a sayarwa a shago.

Ga roƙona. Duk wata ƙungiya, ta maharba ce, ta makanikai ko ta manoma, ta ware mutum biyu masu amana da za su riƙa yi wa kayan mamaci kuɗi kafin iyalinsa su sayar. Kai kuma mai raba biyar, ka je gida yau ka faɗi gaskiya tun kana da kunnen da za a ja. Ku tura wannan labari ga mutum uku, ku fara da wanda kuka san yana ɓanɓare takarda a bakin ƙofa.